Turaren Ud Mai Fure: Yadda Ake Zaɓensa, Gwada Shi da Sa Shi a Jiki

Turaren da aka gina a kan ud da fure ba ya nuna halinsa a feshin farko. Abin da hanci ke ji a minti biyar na farko cikin shago, da abin da zai rage a wuyan riga bayan La'asar, sau da yawa ba ɗaya ba ne, kuma na biyun ne ka biya wa kuɗi. Shi ya sa gidaje da yawa ke da kwalba mai tsada a gaban madubi wadda rabon da a taɓa ta tun Sallah. An saye ta cikin sanyin na'urar shago, aka fita da ita cikin ranar Afrilu, ta koma ciwon kai. Irin wannan turare a hankali ake sayensa, kuma kaɗan ake sawa.

Mataki na farko: san abin da ake kira ud

Ud itace ne, daga bishiyoyin Aquilaria da danginsu Gyrinops, waɗanda ke fitowa daga Assam ta Indiya da Sylhet ta Bangaladash, zuwa Kambodiya, Laos, Biyetnam, Tailan, Malesiya da tsibiran Indunusiya. Bishiyar da take lafiya lau itacenta fari ne, mara nauyi, babu wani ƙamshi a jikinsa. Sai ta ji rauni, ƙwari sun huda ta ko iska ta karya mata reshe, fumfuna ta shiga, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta. Ƙaron nan ne ke jiƙa itacen shekara da shekaru har ya yi duhu, ya yi nauyi, ya zama ud. Kaɗan ne daga bishiyoyin daji ke yin haka, kuma masu nema sun sare su ba ji ba gani, har yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sa wa nau'in Aquilaria malaccensis takunkumi a 1995, ta haɗa da sauran danginsa a 2004. Yau mafi yawan ud ɗin kasuwa na gona ne: a shuka bishiyar, a huda ta da gangan, a sa mata abin da zai tayar da ƙaron.

Ana jiƙa garin itacen a ruwa na kwanaki, a dafa, tururi ya taso da man. Man nan shi ne dahnul ud, kuma ƙamshinsa na bin ƙasar da ya fito. Na Indiya, wanda 'yan kasuwa ke kira Hindi, shi ne mai gardama: farkonsa kamar ka leƙa turken awaki da sassafe, sai bayan wani lokaci ya kwanta ya koma ƙamshin jimammiyar fata da busasshen itace mai daɗi. Wanda bai saba ba yakan ce ya lalace, alhali haka yake. Na Kambodiya, wato Kambodi, ya fi sauƙin shiga rai, yana da zaƙi-zaƙi na zuma da busassun 'ya'yan itace. Na Borneo da sauran tsibiran Indunusiya ya fi sanyi, da ɗanɗanon ɗanyen ganye da hayaƙi mara nauyi. In kai sabon shiga ne, fara da Kambodi.

Sai dai ga gaskiyar da mai shago ba zai yi saurin faɗa maka ba. Yawancin kwalaben fesawa da aka rubuta wa "Oud", har da na manyan kamfanonin Faransa, ko dai babu man ud na ainihi a cikinsu, ko kuma ɗigo ne kawai. Abin da ke ciki haɗi ne da masu harhaɗa turare suka tsara da sinadarai da wasu mayuka, irin su faculi, itacen sida, da man nagarmota, saiwar wata ciyawar Indiya da take dangi ɗaya da kajijinmu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Wasu daga cikin haɗe-haɗen nan sun fi ɗanyen ud daɗin sawa a ofis, kuma ƙamshinsu ba ya sauyawa daga kwalba zuwa kwalba. Aibin shi ne a karɓi kuɗin ud na ainihi a ba ka haɗi.

Mataki na biyu: zaɓi furen kafin ka zaɓi kwalbar

Ud shi kaɗai duhu ne da nauyi. Furen da aka haɗa shi da shi ne ke yanke hukuncin ko turaren zai dace da kai, don haka nan ne ya kamata ka fi tsayawa.

Wardi ne babban abokin tafiyarsa, kuma haɗin ya daɗe. Idan za a wanke Ka'aba, da ruwan Zamzam da aka gauraya da ruwan wardi ake yi, sannan a shafe ta da ud. Wardin ma iri-iri ne. Na Ɗa'ifa, wanda ake nomawa a tsaunukan da ke gabas da Makka, ana tsinkarsa da sassafe a wajejen watan Afrilu kafin rana ta ƙone mansa. Ƙamshinsa kaifi ne, da ɗan tsami na lemo da ɗan yaji, shi ya sa yake iya ratsa nauyin ud ya fito fili. Na kwarin Kazanlak a Bulgeriya da na Isparta a Turkiyya sun fi cika da zurfi, suna karkata zuwa zuma. Na Grasse a Faransa, wanda ke buɗewa a watan Mayu, ya fi su laushi. Sai an tara tan uku zuwa huɗu na furen kafin a samu kilo ɗaya na man, saboda haka wardin kansa ba mai araha ba ne.

Haɗin wardi da ud yakan bi ɗayan hanyoyi biyu, kuma ya kamata ka san wadda kake so. Akwai busasshe mai kaifi, wanda babu zaƙi a cikinsa: Black Aoud na Montale da ya fito a 2006 da Oud Ispahan na Dior na 2012 suna nan. Suna da kwarjini, suna dacewa da babbar riga da taron manya, amma ba sa yafe wa wanda ya cika feshi. Akwai kuma mai zaƙi, wanda aka tausasa da banila da jawul: Oud Satin Mood na Maison Francis Kurkdjian na 2015 shi ne misalin da aka fi sani, Shaghaf Oud na Swiss Arabian kuma yana bin wannan hanya da kuɗin da bai kai nasa ba ko kusa. Ombre Nomade na Louis Vuitton, na 2018, ya tsaya a tsakiya, da hayaƙin lubban da ɗan zaƙin 'ya'yan itace. Wanda yake son jin ud na Indiya na gaske a cikin turaren fesawa, The Night na Frédéric Malle na 2014 ne ake yawan ambata, kuma tsadarsa ta isa shaida.

Yasmin wani hali ne da shi. A cikin furensa akwai wani sinadari mai suna indol, wanda in ya yi kaɗan yake ba da ɗumi, in ya yi yawa kuma yake kai wa ga ɗan wari. Ud ma yana da nasa ɓangaren na dabba-dabba. Idan suka haɗu a jikin mai gumi da tsakar rana, abin kan yi yawa. Na dare ne, ko na lokacin sanyi. Furen lemo, wanda garin Nabeul na Tunisiya ya shahara da shi, shi ne akasin haka: yana sa ud ya yi haske da tsabta, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda zai wuni a waje. Za'afaran kuwa, wanda shi ma zaren cikin fure ne, kusan duk inda ka ga wardi da ud za ka same shi a tsakaninsu, shi ke kawo ƙamshin fata sabuwa. In ka taɓa jin wani turaren ud ya yi maka warin magani ko roba, sau da yawa za'afaran ɗin haɗi ne ya yi yawa.

Batun na maza ko na mata kada ya dame ka. A ƙasashen Larabawa dattijo mai gemu na shafa wardi ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Raba turare gida biyu dabarar talla ce.

Mataki na uku: na fesawa ko na shafawa

Na fesawa man ƙamshi ne da aka narkar a alkohol. Wanda aka rubuta wa Eau de Toilette yawanci yana da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na man, Eau de Parfum 15 zuwa 20, Extrait kuma daga 20 zuwa sama. Alkohol ne ke ɗaukar ƙamshin ya watsa shi, shi ya sa na fesawa ke cika ɗaki. Na shafawa, wato mukallaɗ da attar, yana kwanciya a fata, sai wanda ya matso zai ji, amma yana daɗewa. Ana auna shi da tola, kimanin giram 11.7, ƙaramar kwalbar nan ta mililita 3 kuma ita ce rubu'in tola. Malamai sun yi saɓani kan turare mai alkohol. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, na shafawa ya ishe shi, kuma bai yi asarar komai ba.

Kada ka ɗauka sai na Turai ne mai kyau. Turawa baƙi ne a wannan fage: M7 na Yves Saint Laurent da ya fito a 2002 ne ake yawan cewa ya buɗe musu ƙofa, Oud Wood na Tom Ford ya biyo a 2007. Ajmal kuwa tun 1951 ya fara a Assam, gidan ud ɗin kansa, Amouage na Oman ya fara a 1983, ga Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud a Saudiyya, ga Rasasi da Lattafa a Daular Larabawa ga mai neman na daidai aljihu.

Mataki na huɗu: gwaji

Nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka sayi irin wannan turare don ka ji shi a jikin wani, ko don an yabe shi a TikTok. Fatar kowa da yadda take karɓar turare.

Ka je shago ba tare da ka sa wani turare ba, kuma ba da rigar da aka turara ba. Fara da takardar gwaji: a fesa, ka bari alkohol ya tashi na rabin minti, sannan ka shinshina daga ɗan nesa. Kada ka wuce kala uku ko huɗu. Ud na gajiyar da hanci da wuri, bayan na huɗu duk ɗaya za ka riƙa jin su. Ƙwayar kofi da wasu shaguna ke miƙowa ba ta wanke hanci, wani ƙamshin ne kawai ta ƙara. Ka fita waje ka sha iska ya fi.

Daga cikinsu ka ware biyu. Ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a na hagu, feshi ɗaya-ɗaya. Kada ka goga hannuwan da juna. Ka yi sallama da mai shago ka tafi harkokinka, komai daɗin bakinsa.

Ka shinshina bayan minti goma sha biyar: lemo da yajin da ke sama sun fara tafiya. Ka sake bayan awa ɗaya: nan furen ke bayyana sosai, nan za ka gane ko wardin mai rai ne ko kuwa ya koma warin sabulu. Ka sake bayan awa huɗu zuwa shida, lokacin da ud, almiski da ambar suka rage su kaɗai. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin turaren, da shi za ka kwana, shi zai zauna a kayanka. Turare mai arha yakan yi kyau a farko, ya ƙare da wani kaifi mai soka hanci kamar na sinadari. Mai kyau yana laushi ne yana tafiya. Lallai ka shiga rana da shi ka yi gumi, domin abin da ya yi daɗi a ɗaki mai sanyi kan ninka ƙarfinsa a zafi. Sannan ka tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya. In uwargida ta ce yana hawa mata kai, magana ta ƙare, ko nawa ne kuɗinsa.

Idan ya tsallake wannan, har yanzu kada ka sayi babbar kwalba. Nemi a tsiyaya maka mililita 5 ko 10, ka yi mako guda da shi. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya fara ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ya jira kwana ɗaya, musamman man shafawa da ba a san abin da aka sirka shi da shi ba.

Mataki na biyar: raba na gaske da jabu

A kwalbar fesawa, duba lambar da aka buga a gindin kwalba ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Dole su zo ɗaya. Duba rubutu ko akwai harafin da ya karkace ko ya goge, ledar da aka naɗe kwalin ko ta kama tsaf, murfi ko yana zama daram. Amma babbar shaida ita ce farashi. Araha ba ta ado: turaren da kamfaninsa ke sayarwa dala ɗari uku ba zai zo hannunka a kuɗin dala talatin ba, ko da an ce maka "na gwaji ne" ko "ba kwali". Ka bambanta jabu da kwaikwayo. Kamfanonin Dubai da yawa na yin turaren da ya yi kama da wani shahararre, su sa masa sunansu. Wannan ciniki ne a fili. Jabu shi ne wanda ya saci suna da kwalbar wani.

Man ud ya fi wuyar ganewa, domin ana sirka shi da mayuka marasa ƙamshi don ya yi yawa. Kauri da baƙi ba hujja ba ne, duka biyun ana iya ƙirƙirarsu. Abin da ya fi taimakawa shi ne lokaci: na ainihi yana sauya fuska a fata daga awa zuwa awa, na haɗi yana tsayawa a wuri ɗaya har ya mutu. Tolar man ud mai kyau ana maganar ɗaruruwan daloli ne, wani har dubbai. Itacen ƙonawa ma ana rina shi, ana ɗura masa kakin zuma ko wani abu mai nauyi. Ka sa a ɗora ƙaramin gutsure a garwashi a gabanka. Na kirki zai tsattsafo da ƙaro yana tafasa, hayaƙinsa ba ya yaji a ido.

Mataki na shida: sawa

Feshi biyu sun isa ga yawancin waɗannan turaruka: ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya. A ƙirji ya fi, domin riga na tace shi, yana fitowa a hankali. Na shafawa kuwa, abin da sandar kwalbar ta ɗauko sau ɗaya ya wadatar. A taɓa a wuyan hannu, a kai bayan kunne da gemu. Bayan rabin awa za ka daina jin sa. Ba tashi ya yi ba, hancinka ne ya saba. Kada ka ƙara. Wanda ke kusa da kai a sahu ko a cikin mota yana jin sa sarai, kuma mai asma ko mai ciki ba za su gaya maka ba, sai dai su matsa.

Yanayi na da nasa hukuncin. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, rage zuwa feshi ɗaya, ka bar masu zaƙin banila sai dare. Hunturu ne lokacin ud. Sai dai busasshiyar fata ba ta riƙe turare, don haka ka fara shafa mai mara ƙamshi, ko basilin kaɗan, a wurin da za ka fesa. Man kaɗanya ɗanye yana da nasa wari, zai shiga tsakani.

A kula da farar shadda. Man ud da duk turare mai duhu suna barin tabo da wanki ba ya fitarwa cikin sauƙi. Ka shafa a fata ka bari ya bushe kafin ka sa riga, ko ka taɓa shi a cikin hula. In dole sai a tufafi, a fesa ta ciki daga nesa.

Mataki na bakwai: haɗa shi da turaren wuta da humra

Wannan mu ba baƙi ba ne a cikinsa. Matan Barno, Chadi da Sudan sun daɗe da sanin cewa ƙamshi hawa-hawa ake gina shi: hayaƙi a tufafi, humra a fata, sannan na fesawa a sama. Ƙa'idar ita ce a bar ɗaya ya yi jagora. 'Yar'uwa, in turaren fesawarki mai wardi da ud ne, ki turara kayanki da sandal ko hawi wanda ba a cika masa zaƙi ba, ki zaɓi farar humra mai almiski. Baƙar humra mai farce da yawa ta riga ta yi nauyi. In kika ɗora mata ud mai kaifi, za su yi ta kokawa ne a jikinki, ba wanda zai fito. Ita ta fi son abu mai haske a kanta, kamar wardi zalla ko furen lemo.

Wajen turarawa, a bari garwashin ya daina ci da wuta, toka ta rufe shi, sannan a ɗora itacen. Wuta mai ƙarfi ƙone shi take yi, ƙamshin ya koma ƙauri. Kaskon lantarki mai rage zafi ya fi tattalin ud mai tsada. Tufafi masu ɗan danshi sun fi kama hayaƙi. A buɗe taga, kada a bar gawayi na ci a rufaffen ɗaki, kuma a nisanta jariri da hayaƙin.

Mataki na takwas: saye a Saudiyya, da ajiya

Mahajjata da masu Umara su ne suka fi kawo mana irin wannan turare. Masu shagunan Makka da Madina suna da saurin shafa wa mai wucewa a bayan hannu, don haka wanda ke cikin harami ya janye hannunsa, turare haramun ne gare shi har sai ya sauka. Bayan an kammala ibada, a gwada yau a koma saye gobe, kamar dai yadda aka faɗa a sama. Kwalbar da ta wuce mililita 100 a sa ta cikin babbar jaka, a naɗe da tufafi, domin yawancin filayen jirgi ba sa bari a shiga da ita a hannu.

A gida, abokan gāban turare uku ne: rana, zafi da iska. Kada a bar shi a mota, ko kan taga, ko a banɗaki. A mayar da shi kwalinsa a sa a durowar kaya, can ƙasa inda ya fi sanyi. Furen da lemon da ke sama su ke fara lalacewa. In ka ji feshin farko ya yi tsami, ka fesa sau biyu a iska, mai yiwuwa wanda ya kwana a bututun ne kawai ya juya. Man ud zalla kuwa yana ƙara kyau da shekaru muddin murfinsa a rufe yake. In ka sayi tola guda, ka tsiyayi kaɗan a ƙaramar kwalba don amfanin yau da kullum, ka bar babbar a rufe, kuma ka riƙa goge sandar kafin ka mayar da ita ciki, don kada gumi da maiƙon fata su shiga man.